Daga Daegu zuwa Jeju: yadda na ga Koriya tana auna baƙo

Ƙanina ne ya ja ni Koriya ta Kudu. Yana digiri na biyu a Daegu da tallafin karatu na gwamnatin ƙasar, kuma tun da ya tafi maganarsa ɗaya ce, Yaya ka zo ka ga wuri, Yaya ka zo ka ga wuri, har dai Allah ya nufa na haɗa 'yan kuɗaɗena a ƙarshen 2023 na nemi biza. Takardu kam an nema, ta banki, ta gayyata, ta wurin aiki, duk wani abu da zai nuna cewa in na je zan dawo. Ta Addis Ababa na bi. Da muka sauka aka ɗauki hoton fuska da na yatsu, aka tambaye ni inda zan kwana da ranar komawata, su ba sa ma buga hatimi a fasfo, wata 'yar takarda ce suke miƙo maka ka adana, shikenan na shige.

Washegarin isata Daegu yace mu je inda suke sallah. Ni a raina masallaci zan gani, sai muka shiga wani lungu matsattse a unguwar Daehyeon-dong, bayan jami'ar Kyungpook, gidaje a manne da juna, ga ƙyallaye an rataya da rubutun Koriya manya manya, ga wani gini an fara an tsaya. Ɗalibai Musulmi tun 2014 suke sallah a wani tsohon gida a wurin, yawanci 'yan Pakistan da Bangladash da wasu 'yan Afirka, a 2020 suka samu izinin gina masallaci, mutanen unguwa suka ce ba su yarda ba, a Fabrairun 2021 aka dakatar da aikin, aka yi ta shari'a har kotun ƙoli ta ba ɗaliban gaskiya a Satumbar 2022. Amma hukuncin kotu bai kashe wutar ba. Bayan nan ne wasu suka ajiye kawunan alade a bakin lungun, har da gashin naman alade suka yi a wurin, abin da duniya ta gani a labarai. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Wata tsohuwa ta wuce mu da 'yar jakar cefane, ƙanina ya rusuna ya gaishe ta da yarensu, ta amsa a gajarce ba ta kalle mu ba. Yace min Yaya ba duka ne haka ba fa, akwai 'yan Koriya malaman jami'a da ɗalibai da ma wasu fastoci da suka tsaya mana tsayin daka, su kuma 'yan unguwar abin da suke faɗi shi ne lungun ya yi ƙanƙanta, ga hayaniya, ga tsoron unguwarsu ta koma ta baƙi. Nace to mutanen da ko kati za su miƙa maka sai da hannu biyu, mutanen da yaro ba ya ɗaga cokali sai babba ya fara ci, ina ladabin ya tafi da aka zo kan baƙo? Yace wannan tambayar ba a Daegu za a amsa ta ba, mu tafi Andong.

Andong awa ɗaya da rabi ce a bas, arewa da Daegu, su da kansu suna kiranta cibiyar tarbiyyar ƙasar. Abincinsu da ya yi suna kaza ce da ake dafawa da miyar waken soya, mu dai saboda yanka muka tsaya a kifi, wani kifin teku da suke cusa wa gishiri su gasa, da shinkafa da ƙananan kwanuka na ganye iri iri sun cika teburi. Daga gari muka sake hawa bas zuwa Dosan Seowon, tana bakin kogin Nakdong cikin duwatsu, lokacin ganyayyaki sun yi ja da rawaya, sanyi kuma ya fara shiga ƙashi. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar kuɗinsu ta won 1,000 ya ga fuskar mai wurin, Yi Hwang, wanda aka fi sani da Toegye, an haife shi 1501 ya rasu 1570. Shi ne babban malami a Koriya na sabuwar akidar Konfushiyas, tsohon malamin tarbiyya na ƙasar Sin, wato karantarwar da Zhu Xi na ƙasar Sin ya tsara a ƙarni na 12, wadda daular Joseon ta Koriya ta ɗauka ta yi mulki da ita daga 1392 har sama da shekara 500. Mutumin nan sarakuna sun yi ta kiransa muƙami yana karɓa yana ajiyewa yana komawa ƙauye, ɗakin karatun da ya gina da kansa yana nan har yanzu, bai fi zauren wani malami a cikin birnin Kano girma ba, ɗaki ɗaya, ɗan dandamalin katako, da madafa. Sauran manyan gine-ginen almajiransa ne suka ƙara a 1574, shekara huɗu bayan rasuwarsa, kuma a 2019 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tare da wasu makarantu takwas irinsa.

A farfajiyar gaba akwai rijiya, an kewaye bakinta da dogayen duwatsu huɗu, na leƙa na hango ruwa da ganyen da ya faɗa ciki. A nan muka haɗu da wani dattijo, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya yake zuwa yana yi wa baƙi bayani kyauta, hular sanyi a kansa, hannuwa a baya. Ƙanina ne tafinta. Da ya ji daga inda muke da abin da ya kawo mu bai ɓata rai ba, sai ya nuna rijiyar yace ai da rijiya aka fara maganar. Mengzi, wanda shi ne na biyu bayan Konfushiyas a wurinsu, ya ce duk mutumin da ya hango jariri yana rarrafe zai faɗa rijiya, gabansa zai faɗi kafin ya yi tunanin komai, ba don yana neman shiri da iyayen yaron ba, ba don a yabe shi a gari ba. Wannan faɗuwar gaban ita ce tsiron mutuntaka, kuma irinta huɗu ne a zuciyar kowa: tausayi, jin kunyar mugun aiki, girmama wani, da rarrabe daidai da ba daidai ba. Sannan akwai wasu bakwai, farin ciki, fushi, baƙin ciki, tsoro, so, ƙi, da sha'awa. Toegye ya shafe shekaru yana musayar wasiƙu da wani matashin malami Ki Dae-seung da ya girme wa da shekara 26 a kan alaƙar huɗun nan da bakwai ɗin, kuma abin da ya burge ni, babban malami guda ya zauna yana gyara maganarsa saboda hujjar yaro. Matsayin Toegye dai shi ne huɗun nan alheri ne zalla, su kuwa bakwai ɗin suna iya faɗawa daidai suna iya zarcewa, sai an sa musu linzami.

Nace a tambayar min Malam, yaron da zai faɗa rijiyar nan, in ɗan wata ƙasa ne fa? Ya yi ɗan murmushi yace faɗuwar gaba ba ta tambayar fasfo, amma kuma kar mu yi gaggawa, domin akidarsu ba ta taɓa cewa ka so kowa daidai wa daida ba. Wannan maganar Mozi ce, wani malamin Sin na da, kuma Mengzi ya yaƙe ta sosai, yace wanda ya daidaita ubansa da uban wani kamar ba shi da uba ne. A wurinsu so yana da matakai, iyaye, sai dangi, sai maƙwabta, sai 'yan ƙasa, sai na nesa. Yace saboda haka in gwamnati ta ce sai ta fara duba tsaron 'yan ƙasarta kafin ta buɗe ƙofa, ba ta saɓa wa malamai ba, aikinta ta yi, uban da ya bar 'ya'yansa da yunwa ya tafi ciyar da na wani ba a kiransa mutumin kirki. Ni wannan bai zame min baƙon abu ba, mu ma a addini an ce a fara da na kusa.

Amma sai ya ja mu ciki ya nuna mana kwafin wasu zane-zane guda goma da Toegye ya haɗa wa matashin sarki Seonjo a 1568, ya ce a manna su a bango sarki ya riƙa kallo kullum. Na biyunsu a kan wani gajeren rubutu ne na Zhang Zai, malamin Sin na ƙarni na 11, wanda ya ce sama uba ce ƙasa uwa ce, dukkan mutane 'yan uwansa ne ciki ɗaya, kuma gajiyayyu da naƙasassu da marayu da gwauraye 'yan uwansa ne da suka shiga wahala ba su da wanda za su kai wa kuka. Tun a zamanin wani almajiri ya tambayi malaminsa Cheng Yi, wannan ba maganar Mozi ba ce ta dawo ta bayan gida? Cheng Yi yace a'a, tushen ɗaya ne, rabon ne ya bambanta. Wato na nesa rabonsa bai kai na ɗanka ba, amma yana da rabo. Nan na tsaya. Domin duk wanda na ji yana kafa hujja da matakan so don a rufe ƙofa, rabin maganar yake ɗauka ya bar rabi, mataki na ƙarshe ma ai mataki ne, ba a ce babu shi ba. Na faɗa wa dattijon haka, ya jinjina kai yace haka ne, sai dai ku je Ganghwa ku ga abin da ya sa kakanninmu suka ji tsoro, kar ku yanke mana hukunci daga littafi kaɗai.

Mun je. Daga Seoul ba nisa, tsibiri ne a bakin kogin Han, duk jirgin ruwan da zai shiga babban birni a da sai ya bi ta nan. Seoul ɗin kanta ba zan daɗe a kanta ba, mun yi Juma'a a babban masallacin Itaewon da aka buɗe 1976, mun ci abincin Turkawa, na ga 'yan Najeriya da yawa a unguwar, shikenan. Abu ɗaya da na ji a can ya tsaya min, wai ashe akwai Musulmi a Koriya tun zamanin daular Goryeo da ta gabaci Joseon, har suna zuwa fada su yi addu'a a bukukuwa, sai a 1427 zamanin sarki Sejong aka ba da umarni su bar tufafinsu da al'adunsu su yi shiga irin ta kowa, daga nan suka narke cikin jama'a. Haka Joseon take yi da baƙo, in ka zo ka miƙa wuya za a ba ka gona da suna har da mata, an yi wa Jurchen, wata ƙabila ta iyakarsu ta arewa, an yi wa Japanawa, har wani kwamandan Japan da ya sauya sheƙa a yaƙin da Japan ta kawo musu a 1592 aka sa masa suna Kim Chung-seon, zuri'arsa suna nan kusa da Daegu. Ana karɓarka, amma da sharaɗin ka daina zama kai.

A Ganghwa muka hau ganuwar Gwangseongbo. Ruwan mashigin yana gudu da ƙarfi, launin laka, ga ƙananan igwa an jera. A 1866 sojojin Faransa suka sauka a tsibirin nan bayan an kashe limaman Katolika Faransawa tara, suka ƙona gine-gine suka kwashe littattafan fada, littattafan da ba su dawo Koriya ba sai 2011, shi ma da sunan aro. A 1871 Amurkawa suka zo da jiragen yaƙi, a wannan ganuwar da nake tsaye aka kashe sojojin Koriya sama da 200 har da kwamandansu Eo Jae-yeon, Amurkawa uku ne suka mutu. A shekarar ne mai riƙon sarauta Heungseon Daewongun ya sa aka kafa duwatsu a faɗin ƙasa da rubutun cewa baƙin yamma sun kawo hari, ƙin yaƙi sulhu ne, neman sulhu kuwa sayar da ƙasa ne. Malaman Konfushiyas irin su Yi Hang-no su ne suka ba wannan matsayi ƙafa, a ganinsu kare ƙasa da kare tafarkin gaskiya abu ɗaya ne. Shekara biyar bayan nan, 1876, Japan ta tilasta musu yarjejeniya a wannan tsibirin dai, a 1910 ta haɗiye ƙasar gaba ɗaya har 1945. To wanda aka yi wa haka in ya ga baƙo ya ɗaure fuska, ba za ka ce masa mahaukaci ba. Sai dai kuma rufe ƙofar bai cece su ba, wannan ma tarihi ne, kuma waɗanda suka zo ɗin da igwa suka zo, ba da jakar kaya da takardar neman mafaka ba.

Daga nan muka nufi arewacin tsibirin, sai da muka wuce shingen sojoji, yara ne matasa da bindiga, domin a ƙasar kowane namiji lafiyayye sai ya yi aikin soja kusan shekara ɗaya da rabi. A saman tudu akwai wurin hange, ka sa ido a madubin nesa sai ga Koriya ta Arewa can tsallaken ruwa, bai fi kilomita biyu da ɗan wani abu ba, na ga gonaki an girbe, na ga wani mutum a kan keke yana tafiyarsa. Yaƙin 1950 zuwa 1953 da tsagaita wuta ya tsaya, ba a taɓa sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ba. Ko 'yan uwansu na jini da suke gudowa daga Arewa, waɗanda yanzu sun haura 30,000, ba a barinsu su shiga gari kai tsaye, sai hukumar leƙen asiri ta tantance su, sannan su yi wata uku a cibiyar Hanawon ana koya musu zaman Kudu. Kuma ba a banza ba, a 2010 an kama mutum biyu da suka shigo da sunan 'yan gudun hijira alhali an turo su ne su kashe Hwang Jang-yop, babban jami'in Arewa da ya gudo. Don haka ni ban ga laifin tantancewa ba ko kaɗan, ƙasar da take da irin wannan maƙwabci dole ta san wanda yake shigo mata.

Jeju ce ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi zama min a rai. Awa ɗaya ce a jirgi daga Seoul. Tsibiri ne na dutsen wuta, katangun gonaki duk baƙin dutse ne mai huji huji an ɗora ba siminti, lemu ya nuna ko'ina har a bakin titi ana sayarwa a buhu, dutsen Halla a tsakiya ya kai mita 1,947, ga iska ba ta tsayawa. Tun 2002 aka buɗe tsibirin ga 'yan yawon buɗe ido su shigo ba biza na kwana 30, amma akwai jerin ƙasashen da aka cire, kuma Najeriya da Gana da Sudan suna ciki, ni da bizata ta ƙasa na shiga. Yaman a da ba ta cikin jerin. Da aka fara jirgi mai araha kai tsaye daga Kuala Lumpur a ƙarshen 2017, sai 'yan Yaman da yaƙi ya koro, waɗanda suke zaune a Malesiya wa'adinsu yana ƙarewa, suka fara zuwa, a farkon 2018 mutum 500 da 'yan kai suka sauka, yawancinsu samari. Ƙasa mai mutum miliyan 51 ta girgiza. Sama da mutum 700,000 suka sa hannu a takardar koke a shafin fadar shugaban ƙasa suna neman a soke dokar 'yan gudun hijira, aka yi zanga-zanga a Seoul, ana cewa na bogi ne, za su yi wa mata fyaɗe, 'yan ta'adda ne. Gwamnati ta hana su fita daga tsibirin zuwa sauran ƙasar a ƙarshen Afrilu, ranar 1 ga Yuni ta sa Yaman cikin jerin.

Abin da ya ba ni mamaki, wannan hanin ba sabo ba ne a Jeju. Daga 1629 gwamnatin Joseon ta hana su kansu mutanen tsibirin fita ba izini, aka yi kusan shekara 200 a haka, kuma nan ne ake turo manyan da sarki ya yi fushi da su. Mun je gaɓar Yongmeori ƙarƙashin dutsen Sanbang inda aka kafa dutsen tunawa da Hendrick Hamel, ɗan Holan da jirginsu ya tarwatse a gaɓar Jeju a 1653, su 64 ne 36 suka tsira. Gwamnan tsibirin na lokacin ya ba su abinci da tufafi ya yi wa masu rauni magani, amma da suka nemi a bar su su wuce Japan aka ce dokar ƙasa ba ta barin baƙo ya fita, kar ya je ya ba da labarin ƙasar a waje. Aka kai su Seoul aka sa su cikin dakarun sarki Hyojong, sai bayan shekara 13 takwas daga cikinsu suka gudu a kwale-kwale. Tausayi da tsoro a hannu ɗaya, tun wancan lokacin. Kuma su mutanen Jeju sun san gudun hijira a jikinsu, a rikicin da ya fara 3 ga Afrilun 1948 an kashe dubun dubatar mutanen tsibirin, da yawa suka tsere Osaka a ƙananan jirage. Ina ganin shi ya sa a 2018 aka samu 'yan tsibirin da suka buɗe gidajensu da ɗakunan aikinsu suka kwantar da samarin nan, cocin Katolika na Jeju ma ya tsaya musu.

A birnin Jeju muka samu wani ɗan gidan abinci na 'yan Yaman, shinkafa da naman rago da burodi mai faɗi da shayi mai kanumfari, rabon da in ci nama tun Seoul. A nan na zauna da wani daga cikin waɗanda suka zo 2018, da ɗan Larabcina na islamiyya da Turancinsa muka fahimci juna. Ya akhi, haka yake ce min. Ya ɗora hannuwansa a teburi, bayan yatsun duk sun tsage sun warke sun bar tabo fari fari, yace aikin gonar kifi ne, ruwan sanyi da gishiri tun asuba. A ƙasarsu ɗalibin jami'a ne, ya gudo ne don kar a tilasta masa ɗaukar bindiga. Yace an yi masa tambayoyi na awoyi, an duba wayarsa da Facebook ɗinsa, an yi masa gwajin ƙwaya, an bincika ko yana da laifi a wata ƙasa, kuma shi bai ji haushi ba ko kaɗan, gidansu ne, suna da haƙƙin su san wa ya shigo. Abin da yake ci masa rai shi ne bayan an gama an ga ba komai, takardar da aka ba shi ta zaman jinƙai ce ta shekara ɗaya ɗaya, kullum sai an sabunta, kuma ba ta ba shi damar kawo iyalinsa. Ya buɗe waya ya nuna min mahaifiyarsa.

Alƙaluman a bayyane suke. Cikin mutum 484 da aka duba, biyu kacal aka ba matsayin ɗan gudun hijira, dukansu 'yan jarida, 412 aka ba zaman jinƙai, 56 aka ƙi, sauran 14 suka janye ko suka bar ƙasar. Wannan a ƙasar da ta shiga yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1992, kuma ita ce ta farko a gabashin Asiya da ta yi wa abin doka ta musamman wadda ta fara aiki 2013. Kuma ƙasar tana buƙatar hannu, haihuwa ta faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, mafi ƙanƙanta a duniya, gonaki da masana'antu da jiragen kamun kifi ma'aikatan Nepal da Biyetnam da Indunusiya ne suke riƙe da su ƙarƙashin tsarin izinin aiki da aka fara 2004. Da suka ga dama ai sun yi, a Agustan 2021 sun kwaso 'yan Afganistan kusan 390 da suka yi wa ofisoshinsu aiki, sai dai ba su kira su 'yan gudun hijira ba, masu gudummawa ta musamman aka ce, wato wanda ya yi mana hidima muna da bashinsa. Wannan ma tunanin Konfushiyas ne tsantsa, alaƙa ita ce take haifar da haƙƙi, matsalar ita ce wanda ba shi da alaƙa da kowa, shi ne dai wanda Zhang Zai ya ce ba shi da inda zai kai kuka.

A jirgin komawa Daegu muka yi ta gardama da ƙanina. Shi yana ganin tsohuwar akidar ce ta sa mutanen rufe zuciya, jini ɗaya yare ɗaya, na ciki da na waje. Nace ban yarda ba, ko kuma in ce rabi na yarda. Zancen jini ɗaya ya fi ƙarfi ne a ƙarni na 20 lokacin da suke ƙoƙarin tsira daga mulkin Japan, su malaman Joseon da ɗabi'a suke auna mutum, shi ya sa kwamandan Japan ya iya zama Kim. Kuma in da Toegye za a bi, tsoro yana cikin bakwai ɗin nan da sai an auna su, ba a ce kar ka ji tsoro ba, an ce ka duba ko ya yi daidai da abin da ke gabanka. Zhu Xi kuwa karatunsa gaba ɗaya a kan bin diddigin abu ne har ka san haƙiƙaninsa kafin ka yi hukunci. To an bi diddigi, an duba waya an yi gwajin ƙwaya an duba tarihi, aka samu samari ne da suka ƙi yaƙi. Daga wannan lokacin ci gaba da riƙe su a bakin ƙofa ba tsaro ba ne kuma, tsoro ne da ya wuce gona da iri, kuma malamansu da kansu sun san sunan wannan. Konfushiyas da aka tambaye shi mulki yace abinci da makamai da amincewar jama'a, in dole a bar ɗaya a fara barin makamai. Mengzi yace ba iyakar ƙasa ce take tsare mutane ba, ba tsaunuka da koguna ne suke ƙarfafa ƙasa ba. Waɗannan ba maganganun 'yan kare haƙƙin ɗan adam na Turai ba ne, a makarantun Andong aka haddace su ɗaruruwan shekaru.

Ƙanina yace to Yaya ai amincewar jama'ar ce gwamnati ta duba, mutum 700,000 ba wasa ba ne, in ta yi biris da su ta rasa amanar da kake magana. Wannan hujja ce mai ƙarfi kuma na ba shi ita. Abin da nace kawai shi ne shugaba a wannan akidar ba mai bin bayan jama'a ba ne, malami ne, aikinsa ya fito ya ce mun bincika ga abin da muka samu, ku kwantar da hankalinku, ba ya ba mutum biyu takarda cikin 484 don kar a yi masa ihu ba. Haka ma lungun Daehyeon-dong, tsohuwar nan mai jakar cefane tana da haƙƙi a unguwarta kuma ya kamata a saurare ta tun kafin a sa bulo na farko, amma kan alade a ƙofar maƙwabci babu wani malamin Dosan da zai sa masa hannu, ko don jin kunyar nan da suka ce tana cikin huɗun farko.

Na bar ƙanina yana shirin jarrabawa, har yanzu a tsohon gidan nan suke sallah, in sun yi yawa ranar Juma'a wasu su tsaya a tsakar gida cikin sanyi. Yace in ya gama yana so ya nemi aiki a wani kamfanin batir a can, bizar neman aiki zai fara nema, a lokacin wata shida shida ake sabunta ta.